Yadda ake ba yara labari a laburare har su nemi littafin da kansu

Duk wanda aka ba aikin kula da sashen yara a laburare, ko malamin firamare da aka damƙa wa akwatin littattafai aka ce ya san yadda zai yi da su, da wuri yake gane cewa tara littattafai ba shi ne aikin ba. Littattafai na jere a kanta, yara na shiga suna fita, amma babu abin da ya haɗa su. Abin da na san yana haɗa su shi ne mutum ya zauna ya ba su labari da bakinsa, labarin da ya shirya sosai, sannan ya miƙa musu littafin da labarin yake ciki. Wannan ita ce sana'ata, kuma da abu ɗaya nake auna kowane zama: bayan an tashi, akwai yaron da ya zo ya ce a ba shi littafin? Idan an yi dariya an tafa amma ba wanda ya nemi littafi, to an yi nishaɗi, aikin laburare kuwa da saura.

Waɗanda suka kafa wannan sana'a sun bar mana hanyoyin da aka gwada shekara da shekaru, kuma yawancin abin da zan faɗa daga wurinsu na ɗauko.

Kafin ka zaɓi labari ko ɗaya, duba dokar aro ta wurin da kake aiki. A ƙarshen ƙarni na 19 laburare da yawa a Amurka ba sa barin ƙananan yara su shiga, balle su ari littafi. Anne Carroll Moore ta fara kula da ɗakin yara na laburaren Pratt da ke Brooklyn a 1896, sannan ta shugabanci sashen yara na laburaren jama'a na birnin New York daga 1906 zuwa 1941. Ta cire sharaɗin shekaru, ta ajiye babban littafin rajista a madadinsa. Yaro zai rubuta sunansa da hannunsa a ƙarƙashin alkawarin cewa zai kula da littattafan da ya ara, kuma zai bi dokar wurin. Shi ke nan. Yaron da aka mutunta har aka karɓi alkawarinsa yakan yi ƙoƙari ya cika. Wani littafin zai yage, wani zai ɓata, wannan ba makawa. Amma idan tsoron asara ya sa ka kulle kabad, to ka kwaɗaita wa yara abin da ba za ka ba su ba. Sami shugabanka ku daidaita tun farko: wa zai iya aro, littafi nawa, na kwana nawa, kuma me za a yi idan littafi ya ɓata wanda ba zai sa yaron ya ƙaurace wa wurin don kunya ba.

Zaɓen labari

Nan nake ɗaukar lokaci mafi tsawo. Sharaɗi na farko shi ne kai kanka kana son labarin. Yara suna gane mai ba da labari don an sa shi tun bai yi nisa ba, kuma daga nan sai mutsu-mutsu. Labarin da za a faɗa da baki yana son mutane kaɗan, abu ya fara faruwa da wuri, a sami wani zance da ake maimaitawa, kuma ƙarshen ya warware abin da aka ƙulla. Wanda ya cika bayanin wuri da tunanin zuci ba mummuna ba ne, sai dai ya fi dacewa a karanta shi daga takarda.

Sharaɗi na biyu daga Augusta Baker na koya. Ta fara aiki a 1937 a reshen laburaren New York da ke titi na 135 a unguwar Harlem. Yaran da ke zuwa wurinta baƙaƙen fata ne, littattafan da ta tarar kuwa, in ma sun kawo baƙar fata, to cikin wulaƙanci suke kawo shi: zane mai muni, magana irin ta wawaye, kullum a matsayin bara. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba abu uku, wato harshe da jigo da zane. Waɗanda suka tsallake ta tara su a wani sashe na musamman da aka sa wa sunan marubuci James Weldon Johnson, ta kuma fitar da jerin sunayensu don sauran laburare su amfana. Waɗannan abubuwa uku suna aiki a ko'ina. Ni da hotuna nake farawa tun ban karanta kalma ko ɗaya ba, domin su yaro ke fara gani. Yaya aka zana talaka? Yaya aka zana makaho ko gurgu? Yarinyar da ke cikin labarin tana yin wani abu, ko tsaye take tana jiran a cece ta? Ka tuna akwai yaro a gabanka da zai ga kansa a wannan zanen, kuma abokansa na zaune kusa da shi.

Farfesa Rudine Sims Bishop ta Jami'ar Jihar Ohio ta tsara wannan batu da kyau a 1990. Ta ce littafi yakan zama madubi da yaro ke ganin kansa a ciki, yakan zama taga da yake hango rayuwar wasu, yakan kuma zama ƙofa da yake buɗewa ya shiga. Idan za ka tsara labaran zango guda, duba ka ga kowane yaro ya sami madubinsa, ya kuma sami taga.

Kada kuma ka yarda da ra'ayinka fiye da kima. Ita Moore ɗin da na yaba, wadda bakinta ke ɗaga littafi ko ya kayar da shi ko bayan ta yi ritaya, ba ta ga darajar ɗan littafin nan na lallashin yara barci mai suna Goodnight Moon ba lokacin da ya fito a 1947. Laburaren New York bai sa shi a kanta ba sai 1972, alhali iyaye da yara sun daɗe da rungumarsa. Idan gwana irinta ta kuskure, ni da kai ma za mu iya. Littafin da kake shakka a kansa, gwada shi a gaban yara uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci.

Koyon labarin da zama da yaran

Kada ka haddace labari kalma da kalma. Mai hadda in ya manta kalma ɗaya sai ya tsaya cak, idonsa a sama yana lalube, yaran kuwa sun tafi. Karanta shi da ƙarfi sau da yawa har kunnenka ya saba, sannan ka rufe littafin ka raba shi zuwa wurare: me ya faru a nan, daga nan sai ina. Ka san shi kamar hanyar gidan da ka saba zuwa, ba ka ƙirga taku amma ka san kowace kwana. Abu uku kaɗai nake haddacewa daram: jimlar farko, jimlar ƙarshe, da amshi.

Ga misali. A ce labarin wata kaza ce da ta tsinci mabuɗi a hanya, ta ɗauka tana gwadawa ƙofa-ƙofa. Wurare biyar ne: tsintuwa, ƙofar zomo, ƙofar kunkuru, ƙofar kura inda ta sha da ƙyar, sai ƙofar tsohuwar da tun safe take zaune a waje don ta ɓatar da mabuɗinta. A kowace ƙofa kaza na cewa, "Mabuɗi, mabuɗi, ƙofar wa za ka buɗe?" A ƙofar farko kai kaɗai za ka faɗa. A ta biyu ka ja shi a hankali kana kallonsu. A ta uku ka ce "Mabuɗi, mabuɗi," ka yi shiru ka ɗaga gira, su za su ƙarasa. Da yake wannan ƙofar kura ce, ka sassauta murya ƙasa-ƙasa, za ka ga su ma da raɗa suke amsawa, wasu har sun kama hannun na kusa da su. Duk wannan sai ka gwada shi kai kaɗai a ɗaki da murya a fili. Abin da ke tafiya sumul a zuci yakan sarƙe a baki.

Wurin zama ba ya buƙatar kashe kuɗi. Yara su zauna a ƙasa su yi rabin da'ira, kai kuma ka zauna kan ƙaramar kujera yadda fuskarka ba ta yi musu nisa ba. Ka ba bango baya, kada ka zauna gaban taga, domin hasken da ke bayanka yana duhunta fuskarka, kuma rabin labari a fuska yake. Ƙofa ta kasance a bayan yaran don mai shigowa a makare kada ya ɗauke hankalinsu. In da hali ka raba su: 'yan shekara uku zuwa biyar minti ashirin ya ishe su, da waƙa ko ɗan motsa jiki a tsakani, manya kuwa sukan zauna rabin awa ko fiye in labarin ya kai.

Ka samo wata alama da ke nuna an shiga labari. A laburaren New York a da kyandir ake kunnawa, in an gama yara su yi fata a zuci a hure shi. Inda takardu suka yi yawa ko yaran ƙanana ne sosai, 'yar ƙararrawa ko gajeriyar waƙa da ake yi kullum za ta wadatar. Abin da ake so shi ne alamar kada ta canza, yadda da an gan ta jiki zai natsu ba tare da ka ce a yi shiru ba.

A lokacin bayarwa, muryarka ta kullum ta isa. Ba sai ka maƙale murya ko ka yi tsalle ba. Ɗan sauyi kaɗan ya isa a bambance kaza da kura. Makaminka mafi ƙarfi shi ne dakatawa kafin babban abu ya faru. Ka riƙa haɗa ido da yara ɗaya-ɗaya, har da na can gefe.

Za a katse ka, ka sa wannan a ranka. Akwai yaron da zai ce, "Na san wannan!" Ka ce masa, "Madalla, to riƙe mana sirrin, in mun zo wajen kura ka taya ni." Ka mayar da shi abokin aiki ke nan. Mai tambaya a tsakiyar labari, ka amsa da kalma biyu ka ci gaba. Wanda na fi so ka lura da shi shi ne marar magana. Akwai irin yarinyar da ke zama can baya, ta juya gefe tana wasa da igiyar takalminta, ka rantse ba ta ji. Dubi leɓenta idan an zo amshi, za ka ga yana motsi. Kada ka kira sunanta, kada ka ce ta matso. Ka bar littafin kusa da inda take zama, ka kau da kai.

In labari ya ƙare kuma, ka kama bakinka. Wannan ne ya fi yi wa malamai wuya, domin mun saba da "me muka koya daga wannan labari?" Marie Shedlock malamar makaranta ce a Landan da ta mayar da ba da labari sana'arta. Ta je Amurka a 1900, Moore ta saurare ta, kuma wannan sauraron na cikin abin da ya sa lokacin labari ya kafu a laburaren New York. Ra'ayin Shedlock shi ne 'yan mintoci na shiru bayan labari sun fi zaunar da shi a zuciyar yaro fiye da tambayoyi ko sa shi ya maimaita, kuma ba ta yarda a liƙa wa labari wa'azi a ƙarshe ba. Ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Yaron da ya ga kaza ta mayar wa tsohuwa mabuɗinta ya riga ya fahimta. In ka tsaya fassara masa, ka mayar da kyauta jarrabawa, gobe zai saurara yana neman amsar da za ka tambaya.

Sai dai akwai inda tambaya take da amfani sosai, kuma kada a gauraya su. Idan kana riƙe da littafin hotuna tare da ɗan shekara biyu ko uku, to hira ake so. A 1988 Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙananan yaran da iyayensu ke tambayarsu abin da ke cikin hoto, su saurari amsa su ƙara mata kalma ɗaya ko biyu, sun fi saurin buɗe baki da kalmomi. Yaro ya ce "kare", ka ce "e, baƙin kare yana gudu, ina za shi?" Wannan na yaro ɗaya ne ko 'yan kaɗan a kusa da kai, kuma yana da kyau ka koya wa iyayen da suka rako 'ya'yansu.

Sannan ka ɗaga littafin. Nuna bangonsa, faɗi sunan wanda ya rubuta da wanda ya zana, ka ce ana iya ara yau. Tun kafin zama ka jera wasu littattafan masu kama da shi a kan tebur, fuskarsu a sama, domin kwafi ɗaya ba zai ishi hannaye goma ba. S. R. Ranganathan, masanin laburare na Indiya, ya kafa dokoki biyar a 1931, biyu daga ciki su ne kowane mai karatu da littafinsa, kowane littafi kuma da mai karanta shi. A wannan tebur ɗin ake cika su.

Idan babu littafin, ko babu ɗakin

Sau da yawa za ka tarar labarin da ya fi dacewa da yaranka babu shi a rubuce, ko babu shi a harshensu. Pura Belpré ta gamu da wannan. Ita ce 'yar Puerto Rico ta farko da ta yi aiki a laburaren New York, ta fara a 1921, kuma a lokacin ƙa'ida ita ce labarin da za a ba yara ya kasance yana cikin littafin da aka buga. Tatsuniyoyin da ta ji wurin kakarta kuwa babu su a kanta. Sai ta rubuta su da kanta. Tatsuniyar kyankyaso da ɓera da ta fara rubutawa a ajin koyon ba da labari ta fito a littafi a 1932. Tana ba da labari da Sifaniyanci da Ingilishi, tana amfani da 'yan tsana da ta haɗa, iyalan da a da suke ganin laburare ba nasu ba ne suka fara shigowa. A 1996 aka kafa lambar yabo da sunanta. Kai ma in ka ba da labarin da babu shi a takarda, rubuta shi a daren nan yadda ya fito daga bakinka, ka buga, ka sa yara su yi masa zane, ka ɗinke shi ka ajiye a kanta da lamba kamar kowane littafi.

Yaran su ma suna da labarai. Vivian Paley, malamar nazare a Chicago da aka ba kyautar MacArthur a 1989, takan zauna yaro ya faɗa mata labarinsa ta rubuta yadda ya faɗa ba gyara, sannan a shata wuri a ƙasa, 'yan aji su fito su kwaikwayi labarin tana karantawa. Sylvia Ashton-Warner, da ta koyar da yaran Maori a New Zealand, takan tambayi kowane yaro kalmar da yake so, ta rubuta masa a kati ya tafi da ita, kuma ta lura kalmomin tsoro da na ƙauna ba sa mantuwa. Duka biyun takarda da alƙalami kawai suke buƙata. Ka gwada na Paley da labari mai jimla uku, ka ga yadda mai labarin ke tsayawa lokacin da abokansa ke zama zakin da ya ƙirƙira.

Rashin ɗaki ma bai hana wasu ba. Luis Soriano, malamin makaranta a Kolambiya, a ƙarshen shekarun 1990 ya fara ɗora littattafai a kan jakuna biyu, Alfa da Beto, yana kai wa yaran ƙauyuka, ya karanta musu ya bar musu aro. Jella Lepman ta koma Jamus bayan yaƙin duniya na biyu ta tarar da yara cikin kango, ta rubuta wa ƙasashe tana roƙon littattafan yara, ta baje kolinsu a Munich a 1946. Daga nan aka sami laburaren matasa na duniya a 1949, da ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, a 1953, wadda ke ba marubutan littattafan yara lambar Hans Christian Andersen tun 1956. Mabel Segun, da ta kafa ƙungiyar adabin yara ta Najeriya a 1978, tana cikin waɗanda suka yi nazari a wannan laburare na Munich.

In kana son wannan ya zama sana'ar da za ka ci gaba a cikinta, ka ajiye littafin rubutu tun zaman farko. Baker ta fara ne da ɗaki ɗaya da jerin littattafan da ta tace, a 1961 ta zama mai kula da duk sashen yara na laburaren New York, bayan ta yi ritaya kuma Jami'ar South Carolina ta ɗauke ta a 1980 ta zauna a matsayin mai ba da labari tana horar da wasu. Abin da ta koyar ya fito ne daga lura ta shekaru. Bayan kowane zama ka rubuta kwanan wata, labarin da ka bayar, shekarun yaran da yawansu, inda suka natsu, inda hankalinsu ya tafi, da littattafan da aka ara. In shekara ta zagayo za ka san labaran da suka cancanci maimaitawa da waɗanda za ka ajiye. Da wannan littafin za ka je wurin shugabanka in kana neman a sayo ƙarin kwafi, domin adadin aro hujja ce da ake saurara. Shi kuma za ka ba sabon ma'aikacin da aka turo maka ya karanta, sannan ka zaunar da shi a bayan yaran ya kalli zama biyu ko uku, kafin ka ba shi gajeren labari mai amshi ya gwada kana wurin.